Tsohon wasa a sabuwar Windows: me ya sa cire wa taga firam ba ya isa

Duk wanda ya taɓa ɗora Red Alert 2 a kan kwamfutar zamanin nan ya san wannan ɓacin ran. Wasa ya tashi lafiya, ka kafa sansani, motocin haƙar ma'adinai sun fara zirga-zirga, sai saƙo ya shigo. Ka danna Alt da Tab don ka leƙa. Allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka tarar tagogin da ka bari a buɗe duk sun ƙanƙance sun taru a kusurwa ɗaya. Ka amsa saƙon, ka koma wasan, sai duhu. Kiɗa na tashi, kana jin muryar sojojinka suna amsa umarni, amma ba ka ganin ko ɗigo. Yaƙin awa guda ya tafi a banza idan ba ka adana ba.

Maganin da kowa ke ba da shawara shi ne a sa wasan a taga marar firam. Shawarar daidai ce. Sai dai yawancin masu ba da ita suna faɗinta kamar abin da za a kunna da maɓalli ɗaya, alhali ga wasan da aka rubuta a 1998 ko 2000 babu wannan maɓallin, kuma dalilin rashinsa shi ne ainihin labarin.

Hanyoyi uku ne wasa ke iya bayyana a allo. Akwai taga ta yau da kullum, mai sunan manhaja a sama da maɓallin rufewa da gefen da ake ja a faɗaɗa. Akwai cikakken allo na mallaka, inda wasan ke karɓe allon baki ɗaya daga hannun Windows, ya canza yawan ɗigon hoto da yawan launi yadda yake so. Ta ukun ita ce taga marar firam: a wajen Windows taga ce kamar kowace, amma an cire mata kai da gefe, an kai ta kusurwar sama ta hagu, an miƙe ta daidai faɗi da tsayin allo. Idan taga ta rufe allo kaf kuma ita ce a gaba, Windows da kanta take ɓoye sandar ƙasa. Ido ba ya bambanta ta biyu da ta uku. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da allon. A ta biyu wasan ne mai gida. A ta uku ɗan haya ne da aka ba babban ɗaki, amma makullin ƙofar gida yana hannun Windows.

Tsofaffin wasanni ba a rubuta su da tunanin zaman haya ba. A zamanin DOS, tsarin da wasanni ke gudana a kai kafin Windows 95, wasa yana rubuta hotonsa kai tsaye cikin ma'adanar katin hoto, babu mai shiga tsakani. Da Windows 95 ta zo, masu ƙirƙirar wasanni sun ƙi matsowa, domin hanyar zane ta Windows tana da nauyi, ba ta dace da abin da ke motsi da sauri ba. Ma'aikatan Microsoft uku, Alex St. John da Craig Eisler da Eric Engstrom, su ne suka jagoranci aikin da ya fito a ƙarshen 1995 wanda aka sani yau da DirectX. Ɓangarensa mai kula da zane, DirectDraw, alkawari ɗaya ya yi wa masu wasanni: ku zo Windows, idan wasanku ya tashi za mu janye gefe mu bar muku allon kamar yadda kuka saba. Wasa zai nemi izinin mallaka, ya ce yana son ɗigo 640 a faɗi da 480 a tsaye da launi 256, Windows ta miƙa masa.

Ba son kai ne ya kawo wannan tsarin ba, talaucin kayan aiki ne. Hoto ɗaya na 640 da 480 mai launi 256 yana cin bayit 307,200. Hoto ɗaya na allon yau mai 1920 da 1080 da cikakken launi yana cin bayit 8,294,400, wato ninki 27 cif. Katin hoto na tsakiyar shekarun 1990 yawanci megabayit ɗaya ko biyu ko huɗu gare shi. Babu wurin da za a ajiye hoton wasa da hoton sauran tagogi a lokaci guda. Dole wani ya tashi wani ya zauna. To a nan ne matsalar Alt da Tab ta samo asali. Idan ka bar wasan, Windows tana karɓe ma'adanar katin ta zuba nata hoton a kai. Duk abin da wasan ya ajiye a wurin, taswira da tankoki da gine-gine, ya shafe. DirectDraw yana sanar da wasan cewa shimfiɗarsa ta ɓace, kuma aikin wasan ne ya nemi a maido masa da wurin ya sake loda hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda marubutansa suka yi wannan aikin da kyau yana dawowa lafiya. Da yawa sun yi shi rabi da rabi, saboda a lokacin ba kasafai mutum ke barin wasa yana tsaka da gudana ba. Ba WhatsApp, ba YouTube, kuma allo ɗaya ne a kan teburi. Ko wasannin da suka zo daga baya a kan Direct3D 9, ɓangaren DirectX mai kula da hoto mai zurfi, wanda ya fito a ƙarshen 2002, sun gaji wannan nauyin da wani suna: na'urar zane ce ke ɓacewa, wasan ya saki abin da ya riƙe ya sake kafa ta.

Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin waɗannan wasanni. Windows Vista, wadda ta isa hannun jama'a a farkon 2007, ta zo da wani sabon ma'aikaci da ake kira DWM. Kafin zuwansa kowace taga tana zane kai tsaye a kan allo. Bayan zuwansa kowace taga tana zana hotonta a nata wurin a ɓoye, shi kuma DWM ya tattara su ya jera ya fitar da hoto ɗaya. A Vista da Windows 7 ana iya kashe shi, kuma Windows kan kashe shi da kanta idan tsohon wasa ya tashi. Duk da haka a nan aka fara ganin alamun rashin jituwa. Masu buga StarCraft da Age of Empires da Diablo na farko a Windows 7 za su tuna yadda ruwa da ciyawa ke rikiɗewa su koma ja da shuɗi da ruwan hoda. Dalilin shi ne wasa mai launi 256 ba ya ajiye launi a cikin hoto, lamba yake ajiyewa, sannan akwai jadawali guda da ke cewa lamba kaza launi kaza ce. Jadawalin nan ɗaya ne ga allon duka. Idan wata manhajar Windows ta taɓa shi a bayan fage, launukan wasan sun watse. Shi ya sa mutane suka riƙa kashe explorer.exe, manhajar da ke nuna sandar ƙasa da foldoji, kafin su kunna wasa, su maido shi bayan sun gama.

Windows 8 ta 2012 ita ta rufe ƙofar. Daga ita ba a iya kashe DWM, kuma allon Windows kullum a cikakken launi na bit 32 yake. Idan wasa ya nemi launi 256 ko na bit 16, ba a ba shi na gaske, kwaikwayo ake yi masa. Kwaikwayon nan wani lokaci yana tafiya, wani lokaci ya sa wasa jan ƙafa, wani lokaci ya bar allo baƙi. Red Alert 2, wanda kamfanin Westwood ya yi EA ta fitar a watan Oktoban 2000, launin bit 16 yake amfani da shi, kuma yana da wata ɗabi'a da ta ƙara dagula lamarin: maɓallan menu ɗinsa ƙananan tagogin Windows ne da aka ɗora a kan hoton DirectDraw. Hanyoyin zane biyu ke nan a wuri ɗaya. A Windows 98 sun zauna lafiya. A Windows 10 sai ka ga bangon menu babu maɓalli, ko maɓalli ya bayyana sai ka wuce da linzami ta kansa.

Idan an fahimci wannan, za a ga cewa abin da ake kira sa wasa a taga marar firam ayyuka biyu ne daban, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai wuya, kuma rikita su shi ke sa mutane ɓata dare.

Mai sauƙin shi ne cire firam. Kowace taga a Windows tana ɗauke da wasu alamomi da ke cewa tana da kai, tana da gefe, ana iya ja a faɗaɗa ta. Wata manhaja daga waje tana iya goge waɗannan alamomi, ta matsar da tagar, ta miƙe ta. Abin da Borderless Gaming da ire-irenta ke yi ke nan, kuma suna yinsa da kyau. Wasu wasannin ma ba sa buƙatar kowa. Waɗanda aka gina a kan injin Source na kamfanin Valve suna karɓar umarnin -windowed da -noborder a wajen tashi. Blizzard ta ƙara wa StarCraft wannan zaɓin a gyaran 1.18 na 2017, shekara 19 bayan fitowarsa, a lokacin da ta mai da shi kyauta. Amma sharaɗin wannan hanya shi ne wasan ya riga ya yarda ya zauna a taga. Ba a cire firam ɗin tagar da babu ita.

Mai wuyar shi ne shawo kan wasan da bai san zaman taga ba sam, ko wanda ya sani amma da sharaɗin da ba zai yiwu a yau ba. Red Alert 2 yana da umarnin -win, sai dai an yi shi ne don allon da ke kan launin bit 16, abin da Windows ta daina bayarwa na gaske. Ba za ka iya sake rubuta wasan ba, tunda lambobin asalinsa ba su hannunka. Ko da EA ta saki lambobin asalin wasu wasannin jerin Command & Conquer a watan Fabrairun 2025, ciki har da Red Alert na farko da Generals, Red Alert 2 ba ya cikinsu. Abin da ya rage shi ne a sa tafinta tsakanin wasan da Windows.

Dabarar tana da kyau ƙwarai, kuma ta dogara ne a kan wata tsohuwar al'adar Windows. Idan manhaja ta nemi fayil irin ddraw.dll, wanda shi ne DirectDraw ɗin kansa, Windows takan fara duba foldar da manhajar take kafin ta je nata rumbun. Saboda haka idan ka ajiye wani fayil mai wannan sunan kusa da wasan, shi wasan zai ɗauka, yana zaton na Microsoft ne. Wasa ya ce a ba ni allo ni kaɗai, tafinta ya ce an ba ka. Ya ce a mai da allo 800 da 600 mai bit 16, tafinta ya ce an mayar. Alhali ba a taɓa allon gaske ba. Tafinta ya ware wani yanki a ma'adanar kwamfuta mai wannan girman, wasan yana ta zane a ciki, shi kuma yana ɗaukar kowane hoto ya juya launinsa zuwa bit 32, ya faɗaɗa shi, ya miƙa wa Windows ta hanyar zamani a cikin taga marar firam. Tunda shimfiɗar wasan ba ta cikin wurin da Windows ke ƙwacewa, ba ta ɓacewa. Ka danna Alt da Tab sau ɗari, wasan bai ma san ka fita ba. Jadawalin launi 256 ma yanzu a hannun tafinta yake, babu mai taɓa shi.

Tafintocin nan kusan duka aikin sa kai ne na mutanen da ke son waɗannan wasanni, kuma kowanne da inda ya fi ƙarfi. Wanda ake kira cnc-ddraw don wasannin Command & Conquer aka fara shi, daga baya ya game ɗaruruwan wasanni masu hoton shimfiɗe na DirectDraw. Shi kuwa dgVoodoo2 ya fi dacewa da masu hoto mai zurfi: yana fassara tsofaffin Direct3D har zuwa na 9, da kuma Glide, harshen katunan 3dfx, kamfanin da ya durƙushe Nvidia ta sayi kadarorinsa a ƙarshen 2000, ya mai da su Direct3D 11 ko 12. DxWnd ba ya zama a folda, shi yake tayar da wasan ya tare kiraye-kirayensa a hanya, kuma yana da zaɓuɓɓuka masu yawan da ke iya ruɗa sabon shiga. Akwai DDrawCompat, akwai DXVK da ke fassarawa zuwa Vulkan, wani harshen katin hoto na zamani. Wasannin DOS kuwa maganarsu daban ce, su kwamfutar ce gaba ɗaya ake kwaikwaya musu da DOSBox. Tambayar farko ke nan kafin a sauke komai: da wane harshe wasan nan ke magana da katin hoto? Wanda ya ajiye ddraw.dll kusa da wasan Direct3D 9 bai yi komai ba, domin wasan ba zai taɓa kiran wannan fayil ɗin ba.

A Red Alert 2 aikin bai da yawa. A zuba fayilolin cnc-ddraw a foldar da game.exe yake, wanda shi ne wasan na ainihi, Ra2.exe mai tayar da shi ne kawai. A cikin ddraw.ini a sa windowed=true tare da fullscreen=true. Haɗuwar biyun ita ce taga marar firam, kuma akwai ƙaramar manhajar saiti da ke zuwa tare da shi ga wanda ba ya son taɓa rubutu. Abu biyu ne mutane suka fi mantawa. Na farko, a cire duk alamomin da aka taɓa sawa a shafin Compatibility na fayilolin wasan, irin su rage launi ko kwaikwayon Windows XP, domin yanzu tafinta biyu ne za su riƙa magana a lokaci guda. Na biyu, a cire -win idan an sa shi. Wasan ya ci gaba da zaton shi ne mai allo, wannan zaton nasa shi ne abin da dabarar ta tsaya a kai.

Daga nan ne ake shiga abin da ni na fi damuwa da shi, wato siffar hoton. Waɗannan wasanni an zana su ne don talabijin ɗin kwamfuta mai ƙeya, wanda faɗinsa da tsayinsa huɗu ne bisa uku, kuma ba shi da ƙayyadaddun ɗigo. Ka ba shi 640 da 480 ya cika gilashi, ka ba shi 1024 da 768 ya cika gilashi. Allon yau ɗigonsa a ƙirge suke, kuma shi sha shida ne bisa tara. Idan aka miƙe hoton 800 da 600 ya cika 1920 da 1080, an ja faɗinsa ninki 2.4, tsayinsa kuwa ninki 1.8 kawai. Da'ira ta koma ƙwai, sojoji sun yi ƙiba, tanka ta baje. Mutane da yawa suna barinsa haka saboda ba sa son ganin baƙi a gefe, suna ganin asarar allo ce. Ni ban yarda ba. Wanda ya zauna ya zana ginin nan ɗigo bayan ɗigo ya auna shi da ido, kuma miƙe shi ɓata masa aiki ne. Idan aka kiyaye siffar, hoton zai zama 1440 da 1080, da baƙin shafi mai ɗigo 240 a dama da hagu. Bayan minti biyar ido ya manta da su. A cnc-ddraw, maintas=true ne ke yin wannan.

Ko an kiyaye siffa, akwai sauran magana. Daga 480 zuwa 1080 ninki 2.25 ne. Ɗigo ba ya rabuwa kashi huɗu, don haka ko dai wasu layuka su fi wasu kauri, rubutu ya yi ƙarzo-ƙarzo, ko a gauraya maƙwabtan ɗigo hoton ya yi hazo. Hanya ta uku ita ce a ninka da cikakkiyar lamba: 640 da 480 sau biyu ya zama 1280 da 960, hoto garau, amma da baƙi a sama da ƙasa da gefe. Wannan shi ne boxing=true. A kan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu allon 1366 da 768, irin waɗanda suka cika shagunan gwanjo a wajenmu, ninki biyu ba ya shiga, tunda 960 ya wuce 768. A nan sai dai a zaɓi gaurayawa mai laushi, hoton 800 da 600 ya zama 1024 da 768 da baƙi mai ɗigo 171 a kowane gefe. Red Alert 2 ya yi sa'a a wannan fannin, domin yana karɓar kowane girma idan aka rubuta ScreenWidth da ScreenHeight a cikin ra2.ini. Sai dai ba ya ƙara wa hoto kyau, ƙarin fili kawai yake nunawa. A 1920 da 1080 a kan allo mai inci 15, soja ya koma kamar tururuwa. Na fi son a ba shi 1280 da 720 a bar tafinta ya faɗaɗa, a sami faɗin zamani ba tare da an matse ido ba.

Linzami ma yana da nasa rikicin. A wasan dabarun yaƙi, kai kibiya bakin allo shi ke gungura taswira. A cikakken allo na mallaka kibiya ba ta da inda za ta je, dole ta tsaya a baki. A taga kuwa, idan akwai allo na biyu, sai ta zarce can, ka danna a kan wata manhaja, wasa ya koma baya ana tsaka da kai maka hari. Dole wani ya killace kibiyar a cikin tagar, ya sake ta idan ka nema. Manhajar da ke cire firam kawai ba lallai ta yi wannan ba, tafinta nagari yana yi. Sannan akwai lissafin wuri. Wasan yana zaton faɗin allonsa 800 ne, kai kuma kana dannawa a ɗigo na 1500. Idan ba a mai da lambar zuwa ma'aunin wasan ba, ka danna nan ya amsa can. Wani abin da ke kawo irin wannan karkacewar shi ne faɗaɗa rubutu da Windows ke yi zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari a kan ƙananan alluna. Tsohon wasa bai san da wannan ba, sai Windows ta faɗaɗa tagarsa a bayan idonsa, rabin hoton ya fita waje. Gyaran yana cikin Properties na fayil ɗin wasan, inda ake cewa a bar wa manhajar ta kula da girmanta da kanta.

Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne gudu. Wasanni da dama na wancan zamani ba su da agogo na kirki. Suna zana hoto, su jira allo ya gama zagayensa, su matsar da duniyar wasan taki ɗaya, su sake. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa shi ne agogonsu, ko kuma jinkirin kwamfutar kanta. A cikin taga wannan jiran na iya gushewa, ko allon ya zama mai 144, sai wasa ya ruga a guje: taswira ta tsallake daga wannan ƙarshe zuwa wancan da ɗan taɓi, abokan gaba su iso kafin ka gina bariki. Ba wasannin DirectDraw kaɗai ba. GTA San Andreas an auna shi ne a kan hotuna 25 zuwa 30 a daƙiƙa, kuma idan aka cire masa takunkumi iyo yana yin nauyi, tuƙin mota ya canza. Diablo II na 2000 kuwa duniyarsa a kan taki 25 a daƙiƙa take tafiya. Saboda haka sa wasa a taga marar firam ba tare da ƙayyade gudunsa ba, garin gyaran gira ne a rasa ido. A cnc-ddraw akwai maxfps mai ƙayyade yawan hotunan da ake nunawa, da maxgameticks mai ƙayyade takun wasan kansa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ƙayyadewar tana da wani amfanin da mai zama a ƙasa mai zafi zai gane da wuri: wasan shekara 25 da aka bari yana zana ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa ba gaira ba dalili yana sa fanka ihu, ya cinye batir kafin a dawo da wuta.

Akwai abin da ake rasawa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ma'aunin haske da ke cikin saitin tsofaffin wasanni yawanci katin hoto yake umarta ya canza hasken allon gaba ɗaya, kuma wannan izini na mai mallakar allo ne. A taga sai ka ja ma'aunin ka ga babu abin da ya motsa, wasa mai duhu ya zauna da duhunsa sai idan tafinta ya ɗauki nauyin kwaikwayon hasken. Sannan akwai jinkiri. A tsohon tsari, hoton taga sai ya bi ta hannun DWM kafin ya kai allo, abin da kan ƙara kimanin hoto ɗaya na jira, wato wajen kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa a allo mai 60. Mai gina sansani ba zai taɓa jin wannan ba. Mai wasan harbi da ya saba da hannunsa yana iya ji.

Wannan giɓin ma yana rufewa, kuma ta hanyar da ke nuna inda Microsoft ta dosa. Tun Windows 8 aka kawo wata hanyar miƙa hoto wadda, idan taga ta rufe allo kaf babu komai a kanta, DWM kan janye ya bar hotonta ya wuce kai tsaye. A Windows 10 aka ƙara abin da ake kira Fullscreen Optimizations, wanda ke yi wa wasanni da yawa irin dabarar tafintocin nan: wasa ya nemi mallakar allo, a ce masa an ba shi, alhali taga marar firam aka sa shi. Direct3D 12 ma ba shi da mallakar allo irin ta da. Windows 11, a sabuntawar 2022, ta ƙara zaɓin da ke ɗaga wasannin DirectX 10 da 11 masu gudana a taga zuwa sabuwar hanyar. Wasan 2003 ba ya cikin waɗanda wannan zaɓin ya shafa, amma idan dgVoodoo2 ya fassara shi zuwa Direct3D 11 ko 12, a idon Windows ya zama sabon wasa, kuma yana iya cin moriyar hanyar da ba a ƙirƙira ba sai bayan kusan shekara goma da fitowarsa.

Saura gargaɗi guda da ba na wasa ba. Fayil irin ddraw.dll ko d3d9.dll da ka ajiye kusa da wasa yana gudana ne da duk ikon da wasan ke da shi a kwamfutarka. Mai mugun nufi ya san mutane na neman waɗannan fayiloli ido rufe, kuma shafukan da ke tara su barkatai ba abin amincewa ba ne. A ɗauko daga inda masu aikin suke ajiye shi da kansu: cnc-ddraw da DDrawCompat da DXVK suna GitHub, DxWnd yana SourceForge. A foldar wasan ake ajiye fayil ɗin, ba a taɓa na cikin foldar Windows, domin goge wancan na iya lalata wasu manhajojin, wannan kuwa idan bai yi ba share shi kawai za a yi komai ya koma yadda yake. Wanda ke buga wasa ta intanet da wasu ya fara duba dokar wurin, saboda manhajojin kama masu maguɗi suna iya ɗaukar baƙon fayil a folda a matsayin maguɗi su rufe masa asusu. Masu Red Alert 2 ba su da wannan fargabar idan ta CnCNet, dandalin buga waɗannan wasanni ta intanet, suke haɗuwa, domin manhajar haɗuwar da kanta tana ɗauke da cnc-ddraw a jerin hanyoyin zanen da ake zaɓa a saitinta.